Tun da na sayar da shanunsa Baba ya daina magana

Assalamu alaikum Likita. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Auyo, jihar Jigawa. Mahaifinmu shekararsa 64, manomin shinkafa ne a fadama. Bara ƙafafunsa suka kumbura, ya zama ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai. Muka kai shi asibiti a Kano, aka ce hawan jinin da ya daɗe da shi ne ya raunana masa zuciya. Kuɗin gado da na magani suka fi ƙarfinmu, na sayar da shanun huɗarsa biyu, gonar fadama kuma na ba da ita jingina. Ban shawarce shi ba, don lokacin bai san inda kansa yake ba. Kumburin ya saɓe, amma tun da muka dawo Baba ya zama wani mutum daban. Wuni yake a zaure, ba ya zuwa majalisa, rediyon da ba ya rabo da ita ma ya ajiye, abinci sai an yi da gaske. In aka yi masa sannu sai ya ce, "Ai mu mun gama namu." Mun hana shi gona da kasuwa don kada ya wahala, masallaci ma sai Juma'a. Maganin fitsarin nan da aka ba shi don rage ruwan jiki yakan tsallake shi, wai yana karya masa alwala. Da muka koma asibiti a watan Satumba aka ce wani gwajin jini mai suna CRP ya tashi daga 5 zuwa 21, wani kuma NT-proBNP bai sauka yadda ake so ba. Baffanmu ya ce rashin tawakkali ne, kullum sai ya zo ya yi masa faɗa. Ƙanena ya gani a waya cewa farin ciki yana sauke waɗannan lambobi, wai a rage ƙwayoyi a nemo abin da zai faranta masa. Inna ta ce kada a ƙara gaya masa sakamakon asibiti. Ni kuwa ba na barci. Baƙin cikin da na jawo masa ne yake nunawa a jininsa? Ni nake kashe mahaifina?

Malami daga ƙasar Auyo

Wa'alaikumus salam Malam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya saka maka da alheri.

A'a, ba kai kake kashe shi ba. Mutumin da ruwa ya taru masa a huhu har kwanciya ta gagare shi, in ba a kwantar da shi an sauke ruwan da allura ba, kai ma ka san abin da ke biyo baya. Da kuɗin shanun nan da na jinginar nan aka samu wannan shekara da yake cikinta. Rabuwa da su ta yi masa ciwo, wannan ba na musu, kuma akwai maganar da ta rage tsakaninka da shi a kansu. Amma bari mu fara da takardar gwajin, tunda ita ta ɗaga muku hankali.

CRP sinadari ne da hanta ke fitarwa duk lokacin da garkuwar jiki ta tashi faɗa da wani abu. Kamar hayaƙi yake: zai shaida maka akwai wuta, ba zai gaya maka gobara ce ko Inna ce ta ɗora sanwa ba. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, haka ruɓaɓɓen haƙori, miki a ƙafa, ciwon mafitsara, tari mai majina. Likitocin zuciya in za su auna haɗari da shi, ƙananan lambobi suke kallo, wato ƙasa da 1, tsakanin 1 da 3, da abin da ya haura 3. Da zarar ya wuce 10, ƙa'idar ita ce a nemi wata cuta da ta shigo, a yi maganinta, a bari mako biyu a sake gwajin. Ka ce a Satumba aka ɗebi jinin, ga ku a bakin fadama, daidai lokacin da sauro ke cin kasuwarsa. Ka tambayi Inna ko ya yi zazzaɓi a makonnin da suka gabaci gwajin. Damuwa takan ɗaga CRP, amma ɗagawa ce 'yar kaɗan, wadda sai an tara mutane da yawa an ɗauki matsakaicinsu ake ganinta. Tsalle daga 5 zuwa 21 ya fi kama da aikin wata cuta.

NT-proBNP kuwa tsokar zuciya ce da kanta ke sakinsa idan ruwa da matsi suka yi mata yawa. Tsufa da raunin ƙoda da bugun zuciya marar tsari suna ƙara shi. Amma a wasiƙarka ka riga ka rubuta dalilin da ya fi kusa: Baba yana tsallake maganin da ke rage masa ruwan. Ruwa na nan, zuciya na ɗauke da kaya, lambar ba za ta sauka ba.

Ƙanenka dai bai ƙirƙiri maganar da ya gani ba. Halin da rai yake ciki yana taɓa jiki, kuma ana iya auna hakan. Saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke sakin adirenalin da kotisol idan mutum ya shiga tashin hankali. Zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau, suga ya hau. Ga wanda kare ya biyo wannan taimako ne na minti kaɗan. Ga wanda ya yi wata da watanni yana saƙa da warwara a zaure, jiki ba ya samun sauka. Kotisol a ƙa'ida da safe yake yawa, ya yi ƙasa da tsakar dare, amma a masu ciwon damuwa da yawa wannan tsari yana rikicewa, barci ya lalace. An kuma lura cewa tazarar da ke tsakanin bugun zuciya da bugu, wadda a mai lafiya take ɗan sauyawa da shigar numfashi da fitarsa, tana ƙanƙamewa a masu damuwa, sannan ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun fi saurin mannewa. Abin kuma hanya biyu ne. Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kayarwa ya san yadda duniya ke fita daga ransa, ya ƙi abinci, ya ƙi mutane. Sinadaran da garkuwar jiki ke saki ne suke isa ƙwaƙwalwa su yi wannan aiki, kuma mai raunin zuciya yana ɗauke da irinsu a jininsa kullum. Saboda haka wani ɓangare na shirun Baba daga ciwon kansa yake, ko da shanunsa na nan a turke.

A shekarar 1993 masu bincike a Montiriyal ta ƙasar Kanada, Nancy Frasure-Smith da abokan aikinta, suka bi mutum 222 da suka yi bugun zuciya, wato jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe musu farat ɗaya, suka ga waɗanda ciwon damuwa ya kama sun fi sauran mutuwa nesa ba kusa ba cikin wata shida. A 2006 aka tattara bincike masu yawa a kan masu irin ciwon Baba, raunin zuciya, aka samu kusan ɗaya cikin biyar yana da ciwon damuwa na sosai, kuma haɗarin mutuwa ko komawa gadon asibiti ya ninka a kansu. Yawancin waɗannan bincike a Turai da Amurka aka yi su, da yawansu a kan masu toshewar jijiyoyin zuciya. Namu ya ɗan bambanta: wani bincike na 2012 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, a kan majinyata 1,006 masu raunin zuciya, ya nuna hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin ɗari, toshewar jijiya ba ta kai kashi 8 ba. Baba yana cikin waɗancan kashi 45, don haka maganin hawan jininsa ba abin wasa ba ne.

Binciken da nake so ka riƙe shi ne na Dakta Mary Whooley a San Faransisko, wanda ya fito a 2008. Sun bi masu ciwon zuciya 1,017 na kusan shekara biyar. Masu alamun damuwa sun fi shiga matsala, ko bayan an yi la'akari da tsananin ciwon kowa, da kimanin kashi 31 cikin ɗari. Sai suka tambayi kansu: ta wace hanya damuwar ke isa zuciya? Suka duba sinadaran jini, suka duba kotisol, suka duba tsarin bugun zuciya. Waɗannan duka ɗan abu kaɗan suka bayyana. Abin da ya cinye kusan dukkan bambancin shi ne ɗabi'a: shan taba, wasa da shan magani, uwa-uba rashin motsa jiki. Mai damuwa yana zama wuri ɗaya, yana barin ƙwayoyinsa, ta nan ciwon ke samun ƙofa.

Yanzu sake karanta wasiƙarka. Ba gona, ba kasuwa, ba majalisa, masallaci sau ɗaya a mako, magani ana tsallakewa. Saboda ƙauna kuka yi, na sani, ko'ina a ƙauyukanmu haka ake jinyar dattijo: "Baba zauna, kada ka tashi, bari a kawo maka." Amma mutumin da ya shekara arba'in yana fita da asuba ya zaga gona, shi ke auna hatsin gida, shi ake jira ya ce a sayar ko a ajiye, kuka wayi gari kuka karɓe duk wannan a lokaci ɗaya. Da ya ce "mun gama namu," abin da ya gani ya faɗa. A ganina wannan hutun dole ya fi sayar da shanun yi masa illa, kuma shi ne abin da ke hannunku ku gyara tun daga wannan mako.

Batun rage ƙwayoyi kuwa, ka ce wa ƙanenka ya bar shi. Gaskiya ne a 2019 an haɗa bincike 15 da suka shafi mutum sama da 229,000, aka ga masu kyakkyawan zato ga rayuwa haɗarin ciwon zuciyarsu ya yi ƙasa da kimanin kashi 35 cikin ɗari. Wani bincike a Kaliforniya a 2015 a kan masu matsalar zuciya 186 ya samu masu yawan godiya sun fi barci mai kyau, sinadarai irin su CRP a cikin jininsu sun fi ƙasa. Amma da aka bi mutum 164 a Bostin bayan bugun zuciya, masu kyakkyawan zaton sun fi yawan tafiya a ƙasa, sun fi ƙarancin komawa asibiti, a gwaje-gwajen jini kuwa kusan ba a ga wani bambanci ba. Mun sake dawowa kan ƙafa ke nan. Sannan a 2003 an gwada yi wa masu bugun zuciya 2,481 jinyar damuwa ta hanyar zama da tattaunawa: ransu ya yi sauƙi, amma yawan mutuwa bai ragu ba. Jinyar damuwa tana da daraja don kanta, mutum ya ci abinci, ya yi barci, ya yi dariya da jikokinsa. Ba ta maye gurbin ƙwaya ɗaya daga cikin na zuciya.

Sai Baffa. Ba kai za ka tsaya gabansa ka ce ya yi kuskure ba, ƙanin uba uba ne. Amma faɗan nan na kullum yana ƙara wa Baba kaya: ga ciwo, ga talauci, ga kuma an ce imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yakubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa, kuma babu mai cewa ba shi da tawakkali. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, talbina take sa a dama wa marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, kunu ne na sha'ir, saboda abin da ta ji daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa yana sanyaya zuciyar majinyaci, yana rage baƙin ciki. Ka samu limaminku ko wani sa'an Baffa ya tuna masa wannan a cikin hira. Sannan ka ba shi aiki, don mai zuwa kullum mutum ne da ya damu. Ka ce, "Baffa, likita ya ce a riƙa fita da Baba, kuma ba wanda zai ji maganarsa sai kai. Ka riƙa biyo masa ku tafi masallaci tare."

Tafiyar ita ce maganin da ba a saya. In kumburi ya sauka, numfashi ya daidaita, likitansa ya amince, ya fara da Azahar da La'asar a masallacin da ya fi kusa, a hankali, gwargwadon yadda zai iya tafiya yana magana ba tare da haki ya katse shi ba. Bayan mako biyu a ƙara da majalisa, daga nan bakin gona da sanyin safiya, ya tsaya ya duba, ya yi gyara da baki. Ba fartanya, ba ɗaukar buhu, ba rana tsaka. In ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya zauna. An gwada motsa jiki a kan masu raunin zuciya 2,331 a wani babban bincike da ya fito a 2009, aka samu ba shi da haɗari ga wanda ciwonsa ya lafa, kuma ya ɗan rage musu alamun damuwa.

Maganar alwala kada ku ɗauke ta da wasa ko ku mai da ita gardama, dattijo ne da sallarsa ta fi masa komai. Maganin fitsarin da aka fi bayarwa, wanda ake kira Lasix, yana fara aiki cikin awa ɗaya, ƙarfinsa ya ragu bayan kamar awa shida. In ya sha da ya sallame Asuba, kafin Azahar yawan zagayen ya lafa. Ranar Juma'a ma haka. In sau biyu aka rubuta masa, ka tambayi likita lokacin da ya dace da na biyun yadda ba zai hana shi barci ba. Liman kuma ya yi masa bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya, daga bakinsa zai fi karɓa.

Abinci: na tabbata an ce a rage gishiri da dunƙule da kanwa, kuma na tabbata abin da ya faru shi ne Inna tana ɗebar masa tasa miyar daban, salam ba ɗanɗano, a kai masa zaure shi kaɗai. Wa zai ci? A rage gishirin a tukunyar gida gaba ɗaya, ku ma 'ya'yan mai hawan jini ne, a ƙara albasa da tafarnuwa da citta da daddawa. Kai kuma ka riƙa wanke hannu kuna ci a kwano ɗaya.

A irin wannan zama za ka yi maganar shanu. Kada ka jira ya tayar, ba zai tayar ba, kunyar ɗan fari ko ta babban ɗa ba za ta bar shi ba. Ka ce, "Baba, na yi abu ba da izininka ba, ka yafe mini." Sannan ka shimfiɗa masa lissafi: nawa aka sayar, nawa asibiti ya ci, wa ke riƙe da gonar, a kan nawa, me ya rage. Ka tambaye shi yadda yake ganin za a fanso ta, kuma abin da ya ce a gwada bin sa ko da kana da naka ra'ayin. Mayar masa da mabuɗin rumbu, awon gida ya koma hannunsa. In hali ya yi, a sayo ɗan maraƙi ko tunkiya a ɗaure inda zai riƙa gani, shi zai ce a ba ta dusa, shi zai aiki yara su yiwo ciyawa. Zai iya yi maka faɗa ranar da ka buɗe maganar. Bar shi ya yi. Dattijon da ke faɗa a kan dukiyarsa ya fi mini wanda ya ce ya gama nasa.

Duk da haka, abin da ka siffanta yana iya zama ciwon damuwa da ke bukatar jinya, ba ɓacin rai kawai ba. Tambaya biyu ake farawa da su a asibiti: cikin mako biyun da suka wuce, ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so? Yana jin ƙunci ko yanke ƙauna yawancin kwanaki? Daga wasiƙarka amsar duka biyun e ce. Ka gaya wa likitan zuciyarsa wannan ƙarara, don in ba a faɗa ba, layi na da tsawo, ƙafa da ƙirji kawai za a duba. A auna masa yawan jini da ƙoda da suga, saboda ƙarancin jini kaɗai yana kawo kasala da mutuwar jiki irin wannan. In ana bukatar likitan ƙwaƙwalwa, akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. Akwai magungunan damuwa da aka tabbatar ba sa cutar da mai ciwon zuciya, ko da yake a masu raunin zuciya amfaninsu bai fito fili ba a manyan gwaje-gwaje, shi ya sa na fi ba tafiya da mutane da aikin yi ƙarfi. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne kemis. Kada a sayo masa maganin barci ko na "kwantar da hankali" ba da takardar likita ba. Amitriptyline, da ake yawan miƙa wa mai rashin barci, tana iya rikita bugun zuciya. Diclofenac da ibuprofen na ciwon jiki suna tara ruwa su dawo da kumburi.

Akwai tambaya mai nauyi da za ka yi masa ku biyu kawai: "Baba, in ka ce ka gama naka, kana jin gara mutuwa ne? Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In amsar ta ba ka tsoro, a kwashe fiya-fiya da maganin feshi daga zaure da rumbu, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Haka in numfashi ya gagare shi yana zaune, ko ya farka da dare yana neman iska, ko kumburi ya haura gwiwa, ko ya suma, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

Inna tausayi ne ya sa ta ce a ɓoye masa sakamako, amma Baba ba yaro ba ne. Yana ganin kuna ƙus-ƙus a tsakar gida kuna ninke takarda, kuma abin da zai raya a ransa ya fi abin da ke takardar muni. Ka gaya masa yadda yake: lamba ɗaya mai yiwuwa zazzaɓi ne ya ɗaga ta, za a sake aunawa, ɗayar kuma tana sauka in ana shan maganin fitsari a kan lokaci. Ranar komawa asibiti ku tafi da duk ƙwayoyin da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya in akwai. In kun shiga, ka zauna daga bayansa, likita ya tambaye shi, shi ya amsa da bakinsa. Abin da ya manta ne kawai za ka cike.